Daga Baƙin Dutsen Harra Zuwa Kifin Yanbu

A kwana na shida da saukata Madina, na fito daga banɗaki da ɗanyar alwala, sai Kawu ya dube ni daga inda yake zaune a kan darduma ya ce, "Ɗana, ka san daga inda ruwan nan da ke ɗiga a gemunka ya taso?" Na ce masa ina tsammanin daga rijiyoyin Madina ne. Ya girgiza kai. "Ruwan teku ne. A Yanbu ake tace shi, a cire masa gishiri, a turo mana ta bututu, ya haura duwatsu ya iso famfon gidan nan. Shekara da shekaru mutanenmu na zuwa garin nan suna shan teku, suna wanka da teku, amma ba wanda ya taɓa cewa a kai shi ya gan ta." Nan take ya kira ɗansa ya ce a duba mota, ranar Alhamis za mu je bakin ruwa mu ci kifi.

Gidan Kawu yana Harra ta Yamma, wadda Larabawa ke ce wa Harra al-Garbiyya, tsofaffin littattafai kuma suka san ta da Harratul Wabra. Harra ita ce ƙasar baƙin dutse, irin wanda wuta ta amayo daga ƙarƙashin ƙasa, ya sandare ya zama tsakuwa mai kaifi. Madina tana zaune ne tsakanin irin waɗannan guda biyu, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, kuma su ne aka ambata a hadisi a matsayin iyakar haramin garin. A ta gabas aka yi wani mummunan yaƙi a shekara ta 63 bayan Hijira. Ta yamma kuwa a gefenta Masallacin Ƙiblatain yake, bayanta kuma ga kwarin Aƙiƙ. Yau gidaje sun rufe mafi yawan dutsen, amma yana nan yana leƙowa: a ginshiƙin tsohuwar katanga, a kangon da ba a gina ba, a bakin lungu inda yara ke buga ƙwallo. Da rana yakan riƙe zafi, ya dinga sakinsa har bayan isha'i.

Baƙo daga Kano ba ya kewar gida a waɗannan lunguna. Za ka ji Hausa ta taga, wata tsantsa, wata gauraye da Larabci, daga bakin jikokin mutanen da suka zo aikin hajji da ƙafa suka zauna. Akwai matan da ke tuƙa tuwo da miyar kuka suna sayarwa, akwai masu fura, akwai tsiren da ya samu gindin zama a Hijaz har Larabawa suka karɓe shi da yajinsa suna kiransa siriya. Wannan alheri ne, kuma ni ma na ci na gode. Sai dai shi ne yake ɗaure alhajinmu wuri guda. Daga masauki sai Harami, daga Harami sai wajen mai tuwo, daga nan sai kasuwar dabino da ta zinariya. A koma gida an cika jaka da tsaraba, ba a san me mutanen ƙasar ke ci a ranar hutunsu ba.

Mun tashi bayan azahar, mu biyar: Kawu a gaba, ɗansa a kan sitiyari, ni da Hajiya matar Kawu da jikarsu 'yar shekara tara a baya. Tafiyar ta fi kilomita 200, hanya kuma shimfiɗaɗɗiya ce tana gangarawa tsakanin duwatsu masu launin toka da ja. Madina a tudu take, don haka kana tafiya kana jin kunnenka yana toshewa yana buɗewa. La'asar ta riske mu a Badar, kimanin kilomita 150 daga Madina. Muka yi salla a Masallacin Arish, muka tsaya daga wajen katangar maƙabarta muka yi wa shahidai 14 sallama. Kawu ya nuna yamma da sandarsa ya ce in lura da abu guda: ayarin Abu Sufyan da aka fito nema a Ramadan na shekara ta 2 ya tsira ne saboda ya bar wannan hanya ya bi gaɓar teku. Ke nan teku tana kusa da wannan fili ƙwarai, ga shi tun muna yara ake karanta mana labarin Badar, ba mu taɓa kawo teku a ranmu ba.

Ba nisa da nan, kusa da ƙauyen Rayis, akwai kufan Al-Jar, tashar jiragen ruwan Madina ta farko. A zamanin Sayyidina Umar, bayan an buɗe Masar, nan jiragen hatsin da Amru ɗan Asi ya aiko suke sauke kaya, raƙuma su kwasa zuwa Madina. Daga baya Al-Jar ta mutu, Yanbu ta gaje ta. Har zuwa lokacin da jirgin sama ya zama abin hawan alhazai, masu zuwa ziyara daga Masar da yammacinta da yawa a Yanbu suke taka ƙasa. Ashe bututun ruwan da Kawu ya ba ni labari sabon salo ne na tsohuwar hulɗa. Tun fil azal wannan gaɓa take ciyar da birnin Manzo.

Yanbu uku ce. Akwai Yanbu ta Dabino a can cikin tudu, garin idanun ruwa da gonaki, inda Sayyidina Ali ya mallaki gonaki ya kuma yi waƙafinsu. Daga waɗannan idanun ruwa sunan ya samo asali, domin yanbu a Larabci maɓuɓɓuga ce. Akwai Yanbu ta Masana'antu, wadda aka fara ginawa bayan kafa hukumar masarauta ta Jubail da Yanbu a 1975, inda bututun mai na kimanin kilomita 1,200 daga gabashin ƙasar yake ƙarewa. Ita muka fara gani, matatun mai sun kunna fitilu kamar wani birni a kan birni. Sai Yanbu ta Teku, tsohon gari, wurin masunta, kuma nan muka nufa. Rana tana daf da faɗuwa muka isa. Na fito daga mota, iska mai ɗanshi da gishiri ta buge ni, na ga Bahar Maliya shimfiɗe har inda ido ya gaza, rana ja tana nutsewa a cikinta ta wajen Masar. Mutumin da babban ruwan da ya sani shi ne Tiga da Bagauda ba shi da abin cewa a irin wannan wuri sai tasbihi.

Daren farko mun yi kuskure, kuma zan faɗe shi don wani ya amfana. Gajiya ta sa muka shiga gidan abincin da ya fi kusa da masaukinmu, mai gilasai da fitilu masu launi, yana fuskantar ruwa. Aka kawo mana takardar abinci mai hotuna, muka nuna, ba mu ga kifin ba kafin a dafa, ba mu tambayi nauyi ba. Abin da ya zo an lulluɓe shi da miya mai kauri, naman ya yi laushin da ba na lafiya ba, yana wargajewa kamar audugar da ta jiƙe. Hajiya ta ɗanɗana sau ɗaya ta janye hannu ta ce, "Wannan ya kwana a firji, ba kwana ɗaya ba." Da takardar kuɗi ta zo, sai ga abubuwan da aka jera mana a tebur ba mu nema ba duk an lissafa, ga harajin kashi 15 cikin 100 da ake ɗorawa a kan saye a ƙasar tun 2020. Muka biya muka fita. A mota Kawu ya ce, "Yau mun sayi kallon ruwa. Gobe za mu sayi kifi."

Da sassafe ranar Juma'a ya kai mu kasuwar kifi. Ƙasa jiƙe, ƙanƙara tana narkewa tana bin magudana, masu sayarwa suna kiran ciniki da Larabci da Bangali da Urdu. Ni da na tashi da sanin tarwaɗa da karfasa da ragon ruwa, da bandar Baga, da kifin ƙanƙara na kwali, sai na tsaya kamar ɗan makarantar da aka buɗe wa sabon allo. Ɗan Kawu ya dinga nuna mini yana faɗin sunaye. Ga najil, ja mai ɗigo-ɗigon shuɗi, sarkin kifin wannan teku kuma mafi tsada. Ga hamur mai faɗin baki da jiki rodi-rodi. Ga sha'ur, wanda talaka da mai kuɗi duk suke saye. Ga harid, kore da shuɗi kamar an yi masa rini a Ƙofar Mata, bakinsa kamar na aku, da shi yake gurgurar duwatsun murjani. Ga dirak dogo da ake yankawa gunduwa-gunduwa, ga jatan lande, ga ƙaguwa. Yawancinsu a cikin murjani suke rayuwa, shi ya sa ake kama su da ƙugiya da zare, ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa kuma kuɗinsu ya fi na kifin taru.

Hajiya ce ta yi zaɓen, kuma a wajenta na koyi abin da ya fi komai amfani a tafiyar. Ta ɗauki najil guda ta duba idonsa: tas yake, a kumbure, ba hazo. Ta ɗaga murfin kumatunsa ta nuna mini ciki ja wur. Ta danna yatsa a gadon bayansa, naman ya dawo nan da nan bai bar rami ba. Ta kai shi hanci ta ce, "Sabon kifi warin ruwa yake yi. In ka ji ƙarni ya doke ka, ajiye musu kayansu." Sannan ta ce a ɗora a sikeli a gabanta, ta tambayi kuɗin kilo kafin a sa wuƙa. Mai kifin ya faɗi nasa, ta faɗi nata, ya rantse, ta juya za ta tafi, ya kira ta da "ya Hajja", aka daidaita. Tun kafin allurar sikeli ta tsaya ta riga ta faɗi nauyin, kuma ba ta kauce da yawa ba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Al'adar wurin ita ce ka sayi kifinka ka kai gidan abinci su dafa maka ka biya ladan aiki, ko kuma ka zaɓa daga kan ƙanƙararsu a auna a gabanka. Muka kai namu wani ƙaramin gida a bayan kasuwa, ba gilashi, ba kallon ruwa, sai hayaƙin gawayi da layin mutane. Mai karɓa ya tambaya: soyawa, gashi, ko tire a tanda? Kawu ya ce a soya najil, a gasa sha'ur, jatan lande kuma a yi shi da tafarnuwa. Aka rubuta lamba a takarda aka ba mu, aka ce mu dawo bayan an sauko daga Juma'a.

Da muka dawo gidan ya cika maƙil, domin cin kifi bayan sallar Juma'a al'ada ce mai ƙarfi a gaɓar Hijaz. Aka ba mu ɗan ɗaki mai labule da kafet da matasan jingina. Tun ƙarshen 2019 hukuma ta daina tilasta wa gidajen abinci raba ƙofar iyali da ta gwauraye, amma irin waɗannan gidaje sun riƙe ɗakunansu, saboda iyalai suna son su zauna a sake. Yaro ya shimfiɗa leda a ƙasa, ya dawo da faranti mai faɗin murfin tukunyar biki. A kansa shinkafa ce launin ƙasa-ƙasa mai duhu, wadda suke kira sayadiyya, wato abincin masunta. Launin nan ba na tumatir ba ne, ba na manja ba. Albasa ake soyawa har ta kusa ƙonewa, a zuba ruwa a kanta ta narke, a dafa shinkafar a ciki, sai ta fito da ɗan ɗaci-ɗaci da zaƙi-zaƙi da ke tafiya da kifi kamar tuwo da miya. A kan shinkafar najil ne kwance, an tsaga jikinsa an cusa tafarnuwa da gishiri da kayan ƙamshi, fatar ta soyu ƙayau. A gefe ƙananan kwanuka uku: miyar riɗi da suke kira tahina, miyar tsamiya mai kauri da suke kira humar, da daƙƙus na tumatir da barkono. Ga lemun tsami, ga ganyen jarjir, ga gurasa mai zafi.

Muka yi bisimilla muka sa hannu. Naman najil fari ne fat, yana ɓarewa fala-fala, kowane ɓari da ƙarfinsa, ba ƙananan ƙayoyin da ke sa mutum cin karfasa da tsoro. Ɗanɗanonsa mai tsabta ne, ba warin laka ko kaɗan. Na tsoma a miyar tsamiya, sai na ji harshena ya gane wani abu: tsamiyar nan ce dai ta kunun azumi, ta zo nan ta samu wani aiki. Hajiya ta buɗe jakarta ta fito da ƙullin yajin ƙuli da ta daka a Harra, ta barbaɗa a kan gasasshen sha'ur. Yaron da ke hidima, ɗan Yaman, ya ga abin ya tambaya, ta zuba masa a tafin hannu, ya lasa ya ce wannan ai yajin siriya ne, ya san shi. Kawu ya cire kumatun kifin, wurin da ya fi ko'ina daɗi, ya ajiye a gaban jikarsa.

Ana cikin ci ya ba mu labarin da na sani a littafi amma ban taɓa jin sa a inda ya faru ba. A shekara ta 8 bayan Hijira, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aiki Abu Ubaida ɗan Jarrah da mutum 300 zuwa wannan gaɓa, ƙasar Juhaina. Guzuri ya ƙare har ana raba dabino ɗaya-ɗaya, har suka koma cin ganyen itace. Sai teku ta jefo musu wata ƙatuwar dabbar ruwa da ake kira Ambar, suka yi kwanaki suna ci har jikinsu ya murmure, suka yi guzurin sauran suka kai Madina, Manzon Allah ya ci daga ciki. "To ka gani," in ji Kawu, "kai kifin teku Madina sunna ce mai asali. Gobe sai mun yi wa maƙwabta tsaraba."

Hajiya ba ta cika magana ba, amma ranar ta yi. Ta ce kakarta yarinya ce aka fito da ita daga ƙasar Hausa, a ayarin da ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, ana tafiya ana tsayawa a yi noma ko ƙwadago a samu na gaba, har shekaru suka shuɗe kafin su ga Sawakin. Daga nan suka hau jirgin ruwa na katako mai filafilai suka ƙetare. Guzurinsu a cikin jirgin busasshen kifi ne da ruwa a salka, kuma akwai waɗanda aka yi wa salla aka saka a ruwa kafin a ga gaɓa. "Duk Bahaushen da ka gani a Harra," ta ce, "ko wanda ake ce wa Hausawi a Makka da Jidda, ruwan nan ne ya haifo shi karo na biyu." Ɗakin ya yi shiru. Na dubi abin da ke gabanmu, na tuna mun zo nan cikin sanyin mota a awa uku, na ji nauyin ni'imar da nake ciki.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai a gidan. Da muka fito wanke hannu, na ga yaran suna naɗe ledojin wasu ɗakuna da rabin shinkafa da kifin da aka ci gefe ɗaya, suna jefawa a shara. Binciken da hukumomin Saudiyya suka yi da kansu ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin ƙasar asararsa ake yi. Kifin da ya yi shekaru yana girma a cikin murjani, masunci ya kwana a kan ruwa ya kamo shi, ƙarshensa kwandon shara, a gaɓar da sahabbai suka ci ganye don yunwa. Mu ma ba mu tsira daga wannan hali ba, duk wanda ya ga bayan walimar biki a Kano ko tantin alhazai a Mina ya sani. Hajiya ta sa aka kawo roba, ta kwashe sauran shinkafarmu tas, har kan kifin, ta ce da shi za a yi romon dare.

Bayan isha'i muka shiga tsohon gari, inda gidajen dutsen murjani masu tagogin katako suke, wasu an gyara, wasu sun jingina da juna. A nan gidan da Baturen Ingila Lawrence ya zauna lokacin tawayen Larabawa na 1916 yake, amma mu Kasuwar Dare muka nufa, Suƙul Lail, wadda ta samu sunanta saboda da dare masunta da matuƙan jirage suke sayayya a cikinta kafin su fita ruwa. Rumfa ce doguwa mai ƙananan shaguna, tana ƙamshin lalle da zuma da man shanu da busasshen kifi. Hajiya ta sayi lallen Yanbu, wanda ya yi suna a Hijaz. Ni kuwa na tsaya a gaban busasshen kifi, an tsaga shi an sa gishiri an shanya, na tuna layin 'yan banda a kasuwanninmu. Dabarar ɗaya ce, mu da hayaƙi, su da gishiri da rana.

Ranar Asabar da hantsi muka koma kasuwa, muka cika akwatin ƙanƙara da sha'ur da dirak, muka kamo hanya. Muka haura duwatsun da muka gangaro, iska ta bushe, baƙin dutse ya sake bayyana a gefen titi. Kafin magariba Hajiya ta raba kifin kashi bakwai, jikarta tana kai wa gida-gida a lungun. Da dare ƙamshin suya ya tashi daga tagogi da dama a lokaci guda, wata tsohuwa kuma ta aiko da kwanon dambu tukwici.

Ɗan'uwa mai niyyar Umara, idan Allah ya kai ka Madina ka gama ziyararka, ka tambayi wakilinka ko bizarka ta ba ka damar fita gari, domin ƙa'idar mai Umara daban take da ta mai aikin Hajji. In ta ba ka, ware kwana biyu ka gangara Yanbu, ka tsaya a Badar ka yi sallama. Ka wuce gidan da ya fi ƙyalli, ka nemi wanda 'yan gari suka yi wa layi. Ka ga kifinka da idonka kafin ya shiga mai, ka ji kuɗin kilo kafin a yanka, ka sayi daidai cikinka, abin da ya rage kuma ka ƙulle ka tafi da shi. In ka tsaya a bakin ruwan, ka yi wa kakanninmu da suka ƙetare shi addu'a, da waɗanda suka kwanta a cikinsa ba su ga Madina ba. Allah ya jiƙansu, ya kuma maimaita mana.